Kwalbatin Fadama

Ranar wata Talata na ɗauki Baba zan kai shi babban asibiti a duba masa ƙafa. Ciwon suga ya cinye masa babban yatsa, ya fara hawa sama, likitanmu ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Tafiyar kilomita ɗari shida ce da 'yan kai, hanya ɗaya tal, daga bakin garinmu har birnin. Maigidana ya so ya tuƙa mu, aiki ya riƙe shi. Na ce ya bar shi, ai ba yau na fara riƙe sitiyari ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Shekara goma sha shida ina ɗakin masu raunuka. Na wanke gyambon da mai shi ma ba ya iya kallo, na kwashe amai, na zaro tsutsa daga kunnen mutum, na fito na wanke hannu na ci abincina. Abokan aiki Hancin Roba suke ce mini. Na faɗi wannan ne don a san ba kowane wari ke tayar mini da zuciya ba.

Na shimfiɗa wa Baba kujerar baya, na ɗora ƙafar a kan filo. Tun da muka hau kwalta bakinsa bai rufu ba, don hanyar tasa ce. Shi ya tuƙa rola lokacin da aka yi ta, shekara arba'in da suka wuce, har yau tsofaffin abokansa Mai Rola suke kiransa. Ni kuwa Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, kin ga nan? Da can turbar fatake ce. Jaki biyu ba sa wucewa a jere. Sai aka zuba jar ƙasa, motar farko ta yi kwana huɗu kafin ta kai inda za mu kai yau."

"Kwana huɗu, Baba?"

"In rani ne. Da damina kuwa sai ki yi sallama da iyalinki, ki bar wasiyya."

Ya nuna mini dutsen da suka fasa da nakiya, inda hanya ta ratsa tsakiya kamar an yanka burodi. Ya nuna mini babbar gada, ya ce damina biyu ta ci, ruwa ya kwashe ginshiƙan farko suna tsaye suna kallo. Muka wuce wani gari mai gidajen mai uku da layin masu faci, ya ce lokacinsu bukka bakwai ce da bishiya. Muka hangi wani can gefe, rufin kwanonsa duk tsatsa, ya ce wannan shi ne babban zango a da, sabuwar hanya ta kauce masa da kilomita biyu kacal, ya mutu a tsaye.

Duk ramin da na faɗa sai ya yi tsaki.

"Wannan ba aikinmu ba ne, facin 'yan yanzu ne. Namu ko tankar yaƙi ta bi ba ya motsi."

"To Baba, ko in tsaya ka sauka ka gyara musu?"

"Ba ni ƙafa ki gani."

Bayan azahar zafin ciwon ya taso masa. Na tsaya na ba shi magani mai ƙarfi. Ruwan da ya rage a gorarmu ya sha rabi, na wanke masa fuska da rabi. Kafin barci ya ɗauke shi ya ɗago kai.

"In mun kusa fadama ki tashe ni. Bayan alamar kilomita ɗari uku da goma. Kuma kada ki tsaya a wurin."

"Ɓarayi?"

"Ke dai kada ki tsaya."

Ya yi barci, bakinsa a buɗe. Kwana uku rabonsa da runtsawa. Da na ga alamar ɗari uku da goma na dube shi ta madubi, na kasa tashinsa.

Rana ta yi ja lokacin da hanya ta gangara cikin fadamar. An ɗaga kwaltar a kan tudun ƙasa, dama da hagu doguwar ciyawa ce ta fi mutum tsayi. Babu gida, babu gona, babu ko saniya ɗaya tana kiwo duk da ɗanyar ciyawar nan. Abin da na fara lura da shi laushin hanyar ne. Tun safe muke karo da ramuka, amma nan sumul, ko tsaga babu, baƙa wuluk tana sheƙi kamar jiya aka zuba.

Sai allurar zafin inji ta haura ja. Tururi ya fara fitowa ta gefen bonet.

Na yi ƙoƙarin lallaɓawa, motar ta fara shaƙewa. Na gangara gefe na kashe. Daidai kan wani babban kwalbati muka tsaya. Na buɗe bonet, na jira ya huce, na leƙa lagireto. Ƙaf, ko ɗigo babu. Waya ba sabis. Na tsaya minti goma ko wata mota za ta zo, ba wadda ta zo. A babbar hanya irin wannan, da tirela ke bin tirela.

Ƙarƙashina ina jin ƙarar ruwa. Na rufe bonet, na ɗauki jarka a but ɗin motar na fara sauka ta gefen tudun.

Rabin gangaren wari ya tare ni.

Na san warin mushe. Na san na gyambon da ya kwana bakwai a rufe. Wannan ya haɗa su duka, ya ƙara da wani zaƙi-zaƙi mai maiƙo da ke manne wa a maƙogwaro. Na ja gyalena na toshe hanci, ya ratso ta cikin yadin. Yawu ya cika mini baki. Na tofar, wani ya taru.

Ƙasar wurin laushi gare ta. Duk inda na taka sai ta nutse ta yi tsuwwa, wani baƙin ruwa ya tsattsafo ta gefen takalmina, da ɗumi.

Ba kukan kwaɗo. Ba sauro ko ɗaya. Sai wani ƙugi can ƙasa-ƙasa, kamar an kunna firji a ɗaki na gaba.

Bakin kwalbatin ya isa mutum ya shiga a tsaye. Ruwa na fitowa daga ciki a hankali, mai kauri, da wani farin kumfa a kai. Na sunkuya zan kafa jarka. Kumfan ya motsa. Ba kumfa ba ne. Tsutsotsi ne, farare, masu ƙiba kamar yatsa, suna hawa kan juna.

Na ja da baya. Daga ciki na ji ƙarar kwano yana gogar kwano.

Wata mata ce a tsugune, taku biyar daga bakin. Tana wanke-wanke. Ta juya mini baya, zanenta ya jiƙe ya manne mata. Ta tsoma kwano a ruwan nan, ta cuɗa, ta ɗaga ta duba, ta sake tsomawa. A gefenta kwanuka ne jibge har kusan rufin, kowanne da baƙin maiƙo a jiki.

Bangon da ke bayanta na ɗauka siminti ne ya yi baƙi. Ƙudaje ne. Daga su ƙugin ke fitowa.

"Sannu, Inna," na ce.

Ba ta juyo ba.

"Ba ya fita," ta ce, a hankali, kamar mai magana da kanta. "Shekara arba'in ina wankewa. Ba ya fita."

"Ruwa nake nema, motata ce..."

"Da ruwan nan kina ganin ƙwayar yashi a ƙasansa. A nan na yi wa 'ya'yana wanka."

Ta ajiye kwanon. Ta ɗaga kai tana shinshina iska, sau uku, gajeru, kamar akuya.

"Ke ba ke ba ce. Amma jininsa ne."

Sai ta juyo.

Fuskar ta kumbura kamar abin da ya kwana cikin ruwa. Fatar ta yi fari-fari, ta saki, tana zamewa daga goshi. Inda hanci ya kamata ya kasance ta cusa tsumma biyu. Idanun kuwa lafiyayyu ne, farare tas, masu kyau, kuma suna kallona irin kallon da mutum ke wa abin da ya taka a hanya.

Ƙyamata take ji. Ni.

"Ku 'yan Adam," ta ce. "Ƙazamai."

Ta buɗe baki za ta ƙara magana, wani abu ya faɗo daga ciki ya yi iyo.

Na yi amai a wurin, a tsaye, har ta hanci.

"Shanu ɗari biyu da sittin ya danne mini a tsakar gida," ta ce. "Na ƙirga su. Na haƙura da shanun. Amma ɗaya ba saniya ba ne. Ɗayan har yau yana motsi. Ba ya barin mu barci."

Can cikin duhun kwalbatin, ta sama, wani abu ya ƙwanƙwasa. Sau biyu. Kamar mutum na bugun rufi da tafin hannu.

"Ki ce masa ya zo ya ɗauki kayansa," ta ce.

Na jefar da jarkar na juya. Takalmina ɗaya ya maƙale, na bar shi. Na hau tudun da hannu da gwiwa, ƙasar na zamewa, baƙin ruwan na shiga tsakanin yatsuna. Duk addu'ar da ta zo bakina karantawa nake, rabi a daidai rabi a juye.

Na iso kan kwalta. Motata fara ce. Na same ta baƙa.

Ƙudaje sun rufe ta, gilashi da taya da komai. Na kai hannu na share mariƙin ƙofa, suka fashe a tafina. Na fizge ƙofar gaba.

Matar tana ciki.

Tana zaune a kujerar baya, ƙafar Baba a kan cinyarta. Ba ta wuce ni a gangaren ba. Kujerar duk ta jiƙe. Tana warware bandejin a nutse, zagaye bayan zagaye, tana naɗe shi a hannu.

Baba ya farka. Idanunsa a buɗe, hawaye na gangara cikin kunnensa. Ko yatsa ya kasa ɗagawa.

"Sake shi," na ce.

Ta cire zagayen ƙarshe. Ta kai fuskarta kusa da ciwon. Ta zare tsumman hancinta ɗaya, ta shaƙa.

"Ya fara," ta ce. "Daga nan nasa ya fara shi ma."

Ta fiddo harshe. Dogo, toka-toka, da gashi a gefe.

Ta lasa.

Baba ya yi wani sauti da ban taɓa jin babba ya yi ba.

Ban san lokacin da na ɗauko kwalbar ba. Maganin wanke ciwo ne, mai ƙarfi, wanda ake surkawa da ruwa kafin a taɓa fata. Yana aljihun ƙofa. Na cire murfin da haƙori, na watsa mata duka a fuska.

Warin asibiti ya cika motar.

Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya cak. Ta rufe ido ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja. Ta shafa ruwan a kumatunta, ta kalli tafinta.

"Tsabta," ta ce, can ƙasa.

Ta saki ƙafar. Ta miƙo hannu biyu tana tarar abin da ke ɗiga daga rufin mota, tana shafawa a wuya, a hannu, a ƙirji.

Na faɗa kujerar direba na murɗa makulli. Motar ta ƙi. Na sake. Ta kama.

Na taka mai har ƙasa, ƙofata a buɗe tana kaɗawa. Ba na ganin hanya, na kunna abin share gilashi, ya shafe ƙudajen ya bar wani ruwa rawaya. Ta ɗan tsagin da ya buɗe nake tuƙi.

Ban kalli madubi ba.

Ina jin numfashinta a bayan wuyana, da sanyi.

"Zai dawo," ta raɗa. "Gutsure-gutsure ma ya isa."

Hanya ta fara haurawa. Tayar gaba ta faɗa rami, motar ta yi tsalle. Ban taɓa murnar faɗawa rami ba sai ranar.

Na kalli madubi. Baba ne kaɗai.

Injin ya mutu a kan tudu, kilomita huɗu daga fadamar, yana hayaƙi. Ko minti biyu ba a yi ba motoci suka fara wucewa, ɗaya bayan ɗaya, kamar an buɗe musu ƙofa. Wani direban tanka ya tsaya. Ya zo zai taimaka, ya leƙa cikin motar, ya koma gefe ya toshe hanci da hularsa.

"Hajiya, gawa kika ɗauko?"

"Mahaifina ne. Da ransa."

Ya dubi ƙafata marar takalmi, ya dubi hanyar da muka fito.

"A kwalbati kika tsaya," ya ce. Ya ɗaura mana igiya ya ja mu zuwa gari na gaba.

Washegari muka isa asibitin a motar haya. Likitan ya buɗe ƙafar ya daɗe yana kallo. Ya ce hoton da na turo masa shekaranjiya yatsa ɗaya ne, yanzu baƙin ya kai ƙwauri. Ranar suka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Kwana biyu Baba bai yi magana ba. A na uku da hantsi ina gyara masa zanen gado ya ce, "Uwata, rufe ƙofa."

Na rufe. Na zauna.

Ya ce fadamar ta ci musu wata biyar. Duk tifar dutsen da aka juye sai ta haɗiye, gari ya waye babu alama. Mutanen ƙauyukan wurin sun ce a kewaye, akwai idon ruwa a tsakiya kuma yana da masu shi, shi ya sa tsohuwar hanya ta yi kwana. Foman, shugaban aikinsu, ya yi dariya. Shekarar an yi annobar shanu, ana neman inda za a binne su. Foman ya ce a kawo, ai cikon rami ne kyauta. Aka juye su a idon ruwan, aka bi da dutse. Daga ranar ƙasa ta daina nutsewa.

"Wannan na ji," na ce. "Ɗayan fa?"

Ya kalli silin.

"Wani lebura ne. Baƙo, ba wanda ya san garinsu. Amai da gudawa suka kama shi, aka kore shi daga bukkar kwana saboda wari. Ya rarrafa ya kwanta a inuwar tulin mushen. Mai tifa bai gan shi ba, ya juye masa tsakuwa."

"Kai fa?"

"Ni ina sama, a kan rola. Ina ganin komai. Hannunsa ya fito ta cikin tsakuwar. Yana buɗewa yana rufewa."

Na ji yawun nan ya fara taruwa a bakina.

"Foman ne ya ce ka wuce?"

"Foman yana can nesa yana shan shayi. Da ma in ce shi ne. Hannun duk ya ɓaci da kashi da jinin mushe, ƙuda na bi. Na ce in na sauka sai na kama shi na ja. Sai na taɓa. Zuciyata ta tashi, Uwata. Shi ke nan. Ƙyama ce kawai. Na kau da kai, na sa giya."

A waje wata ma'aikaciya na tura keken magani, tayarsa ɗaya na ƙara.

"Sau shida na bi ta kai. Aka ce ba a taɓa ganin wuri ya danne da kyau haka ba."

Na dubi mutumin nan. Shi ya koya mini tuƙi, shi ya sayar da gonarsa na yi makarantar jinya. Na ji tsigar jikina ta tashi, irin yadda ta tashi a bakin kwalbatin. Har na matsar da kujerata baya ban sani ba. Ya gani.

Ya yi wata bakwai bayan nan kafin ya rasu. A jirgin ƙasa na mayar da shi gida, ban sake bin hanyar ba, motar kuwa mai gyara ya ce ko an canja kujeru warin ba zai fita ba, aka sayar wa masu ƙarfe. Na daina cin nama. Na nemi a mayar da ni ɗakin haihuwa, abokan aiki suka yi ta tsiya wai Hancin Roba ya narke.

Amma abin da na fi tunawa ranar nan ce a asibiti. Da ya gama magana ya zaro hannunsa daga ƙarƙashin zane, ya miƙo mini.

Na daɗe ina kallon hannun. Na ji kumallo ya taso mini har wuya.

Na haɗiye shi, na kama.